Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Aka Tura Ni Sashen Gashin Ƙashi

A makon jiya na tsaya a daidai lokacin da cikina na uku ya shiga wata na shida, a daminar shekarar 2019, ina koyarwa a wata makarantar firamare a cikin birnin Kano. A wannan watan ne ciwon ƙugu ya sako ni gaba, irin wanda ban taɓa ji ba a haihuwata biyu na baya. Idan na zo juyawa a kan gado da dare sai in ji kamar ana tsaga ƙashin da ke ƙasan marata, idan kuma na ɗaga ƙafa ɗaya zan hau Keke Napep sai na cije leɓe don kada direba ya ji nishina.

Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce mini: "Ke dai yi haƙuri 'yar nan, ciki ya gaji haka, mu da shi muka yi daka da surfe." Ban musa mata ba, domin gaskiya ta faɗa game da zamaninsu, amma haƙurin bai hana ni kwana a zaune ba. Na fara sayen maganin kashe zafi a wani kemis na unguwa, mai shagon kuwa bai taɓa tambayata watannin cikin ba. Da na je awo na nuna wa ungozoma kwalin, sai ta karɓe shi, ta ce dangin diclofenac da ibuprofen suna iya taɓa ƙodar jariri su rage ruwan da yake kwance a ciki, musamman idan ciki ya tsufa. Bayan ta tabbatar babu zubar jini, babu zazzaɓi ko zafin fitsari, kuma yaro yana motsi, sai ta rubuta mini takarda zuwa sashen gashin ƙashi na Asibitin Malam Aminu Kano.

Na tafi ina zaton na'ura za a ɗora mini a gasa bayan, kamar yadda sunan ya nuna. Likitar gashin ƙashin da na samu, wata matashiya ce mai sanyin magana, ba ta kunna komai ba. Ta sa na yi tafiya a gabanta, ta sa na tsaya da ƙafa ɗaya, nan take na dafe bango. Sannan ta ɗauko ƙashin ƙugu na roba ta nuna mini mahaɗai uku, biyu a baya ɗaya a gaba, ta ce a lokacin goyon ciki jiki yana sakin sinadarai, ciki har da wanda ake kira rilaksin, da ke sassauta jijiyoyin da suka ɗaure waɗannan mahaɗai domin shirin haihuwa, ga kuma nauyin da ke janyo baya ya lanƙwashe.

"Malama, da wace irin tsintsiya kike shara?" Tambayar ta ba ni dariya, amma a nan maganar take. Gajeriyar tsintsiyar da nake duƙawa da ita kullum da safe, da wankin da nake yi a tsugune, da ɗaukar ƙaramin ɗana a kwankwaso ɗaya, da sa siket a tsaye, duk suna buɗa mahaɗin da ya riga ya yi laushi. Ta koya mini in haɗe gwiwoyina idan zan sauko daga gado ko daga mota, in kwanta a gefe da matashi a tsakanin ƙafafuna, in zauna kafin in sa tufafi. Ta nuna mini yadda zan durƙusa bisa hannuwa da gwiwoyi in riƙa ɗaga baya ina saukewa a hankali, da yadda zan matse tsokar ƙasan mara kamar mai riƙe fitsari, in saki. Ta ba ni ɗamara mai faɗi da ake ɗaurawa ƙasa da ciki, ta kuma ce tsumma mai ɗumi a baya ya wadatar, ban da ruwa mai ƙuna.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne sallah a zaune, sai da maigidana ya tuna mini hadisin Imrana ɗan Husaini, wanda aka ce masa ya yi a tsaye, idan bai iya ba ya yi a zaune, sannan hankalina ya kwanta.

Ciwon bai tafi gaba ɗaya ba, kada in yi muku ƙarya, amma cikin mako uku na koma yin barci har asuba. Da Hajiya ta zo ta tarar an ɗaura wa tsintsiyata doguwar sanda, ta daɗe tana kallonta ba ta ce komai ba. Washegari ta aiko jikarta da saƙo cewa a tambayi likitar nan ko tana duba gwiwar tsofaffi. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin ranar da na raka ta, da yadda naƙuda ta kama ni muna kan layin karɓar kati.