Godiya ga waɗanda suka tsaya mini har aikin rinin furanni ya kai ga baje koli

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya ba ni lafiya da ikon ganin ƙarshen wannan aiki, ina rubuta wannan saƙo ne domin in sauke nauyin godiyar da ke wuyana ga duk wanda ya sa hannu a baje kolin da muka kammala a makon jiya, inda aka nuna ƙyallayen da na rina da furannin lambu, na kuma yi musu ado da zare da allura. Mafi yawan waɗanda suka zo sun ga aikin ne bayan an goge shi an rataye. Kaɗan ne suka san cewa wata huɗu kafin ranar na zauna a gaban tarin ƙyalle da ya koɗe, ina shawarar janyewa gaba ɗaya.

Na fara ne da furannin da suka fi ɗaukar idona, wato jajayen wardi da zoɓo da wasu shuɗɗan furanni masu hawa katanga. Na jera su a kan farin ƙyallen auduga, na rufe, na riƙa bubbugawa da guduma har ruwan kowane fure ya fito ya bar siffarsa. A ranar farko kyan abin ya wuce misali. Kafin wata ya zagayo jan ya koma ruwan ƙasa, shuɗin ya koma toka-toka, wanki ɗaya kuma ya tafi da yawancin abin da ya rage.

Mutum na farko da zan gode wa shi ne maƙwabcinmu, malamin ilimin sinadarai, wanda bai ba ni haƙuri kawai ya wuce ba. Ya zuba ruwan jan fure a kofi biyu, ya ɗiga lemun tsami a ɗaya sai ya ƙara ja, ya sa kanwa a ɗayan sai ya juye shuɗi mai ratsin kore. Ya bayyana mini cewa ja da shuɗi na yawancin furanni daga sinadarin antosayanin suke, wanda ke sauyawa da tsami ko kanwa, hasken rana kuma ke cinye shi. Malam, wannan darasi na minti goma ya hana ni sake ɓata wasu watanni, Allah ya ƙara basira.

Sai gwaggona, wadda ta yi shekaru tana rini kafin ƙarfinta ya ragu, kuma ita ce ginshiƙin abin da aka gani. Ta dubi ƙyallayen sau ɗaya ta ce ban shirya yadin ba, launi kuwa ba ya zama inda ba a yi masa shimfiɗa ba. Ta sa na tafasa sabon yadi har maiƙo da sitacin da ke jikinsa suka fita. Ta nuna mini cewa auduga ba ta kama launin tsiro da sauƙi kamar ulu da siliki, saboda haka sai an fara jiƙa ta a ruwan ɓawon rumman ko bagaruwa, sannan a ruwan alif, kimanin giram 15 ga kowane giram 100 na busasshen yadi, kafin ta ga tukunyar rini. Ita ce ta karkatar da ni zuwa ga furannin marigol masu ruwan ɗorawa, waɗanda da can nake wucewa ban ko kalle su ba, sai ga shi su ne suka ba ni launin da ya tsaya. Ta koya mini cewa ruwan da aka jiƙa ƙusoshi masu tsatsa yana mayar da ruwan ɗorawa kore mai duhu, amma idan ya yi yawa yana cin zare. Cewa kore mai haske ba daga ganye ake samunsa ba, sai an tsoma yadi a baba, wato rinin shuɗi na gargajiya, sannan a ɗora masa ruwan ɗorawa. Cewa kada in yanke wa launi hukunci yana jiƙe, domin yana yin haske idan ya bushe. Ba zan manta ranar da na fara ciro yadi daga baba yana kore-kore, iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a hannuna, tana zaune tana murmushi ba. Gwaggo, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Jan da ya tsaya daga saiwa ya zo, saiwar tsiron da Larabawa ke kira fuwwa, wanda ke buƙatar kimanin shekara uku a ƙasa kafin a tone shi. Wata ƙawata ce ta aiko mini da busasshiyar saiwar daga abin da ta daɗe tana ajiya, na gode mata ƙwarai.

Ƙanwata ce ta hana ni zubar da ƙyallayen farko. Ta ce tunda inuwar furen tana nan, me zai hana allura ta bi sawunta? Haka muka ɗame su a zoben katako, muka bi gefen kowane fure da ɗinkin sarƙa, muka cike wasu ganyayen da zaren da aka rina da fuwwa, muka yi ƙulle-ƙulle ƙanana a tsakiya. Muka bar wasu wuraren ba ɗinki domin a ga koɗaɗɗen launin asali a gefen zaren. A gaban waɗannan ƙyallaye mutane suka fi daɗewa a tsaye, kuma a ganina sun cancanci hakan, domin sun fi sauran kama da fure na gaskiya. 'Yan'uwa mata huɗu ne suka zauna tare da mu dare da rana a makonnin ƙarshe, har yatsu suka yi kanta, ba wadda ta nemi ko sisi. Allah ya saka muku da mafificin alheri.

Ina godiya ga maƙwabta da suka buɗe mini lambunansu, suna tara mini furannin da suka fara yaushi, da maigidana wanda ya sayo mini tukwane na daban domin kada kayan rini su haɗu da na girki, ya kuma jure wa gidan da kowace igiya ke ɗauke da yadi. Yarana su ne suka riƙe littafin awo, su ne kuma suka kula da gwajin taga, inda muke rufe rabin kowane guntun ƙyalle da kwali mu bar shi a rana na makonni, sannan mu buɗe mu kwatanta. Ban da ƙyallayen farko da muka yi wa ɗinki, duk launin da ya faɗi wannan gwaji bai shiga baje kolin ba.

Wani dattijo ya tambaye ni dalilin wannan wahala alhali ga rinin kanti. Tambaya ce mai kyau. Tun 1856, lokacin da William Perkin, yana ɗan shekara 18 a Landan, ya samo launin shunayya yana ƙoƙarin haɗa maganin zazzaɓi na kwinin, rinin masana'anta yake ture na tsiro: a 1868 aka haɗa jan fuwwa a ɗakin gwaji a Jamus, a 1897 kuma baban masana'anta ya shiga kasuwa. Rinin kanti ya fi sauƙi, ya fi daidaito, ban musa ba. Amma abin da gwaggona ta sani ba ya cikin kwalba, kuma da ban zauna a gabanta bana ba, da wuya ya kai ga yarana. Haka nan na gode wa baiwar Allah da ta nuna mini wuraren da rinin ya yi dabbare-dabbare a manyan ƙyallaye biyu. Gaskiyarta ce, tukunyar ta yi wa yadin kaɗan, ban kuma juya shi yadda ya kamata ba.

Ga waɗanda suka tafi gida da wani abu daga aikin, ina roƙon a wanke shi da ruwan sanyi da sabulu mai laushi, a shanya a inuwa, kada a rataye shi inda rana ke dukansa kullum. Wanda na manta ban ambata ba ya yafe mini. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya mayar da kowa gida lafiya, ya bar zumunci.