An sauke tutar Bature, ba a sauke haraji ba

Duk lokacin da na wuce ta gaban tsohon ginin Kwalejin Katsina, wanda yanzu ya zama gidan adana kayan tarihi, nakan tuna cewa a cikin waɗannan ɗakuna na ƙasa Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kuma bayan an mayar da makarantar Kaduna a 1938 Malam Aminu Kano ma ya bi ta cikinta. Shugabannin NPC, jam'iyyar da ta mulki Arewa, da jagoran NEPU, jam'iyyar adawa ta talakawa, ruwan rijiya ɗaya suka sha, dukansu 'yan boko ne, abin da ya raba su shi ne wanda kowannensu ya zaɓa ya tsaya wa.

Neman 'yancin kai yakan tara mutanen da bukatunsu suka saɓa a inuwa ɗaya. Basarake yana son Bature ya tafi ya bar masa En'e da alƙalai da gidan yari, attajiri yana son lasin sayen gyaɗa da auduga, ɗan boko yana hangen kujerar Di'o, shi kuwa manomi fatansa a rage masa haraji da jangali, a daina zambatarsa a wajen awo. Muddin Bature yana nan, duk kalmar 'yanci suke furtawa, sai ya tafi sannan kowa ya fassara ta da tasa manufar. NEPU ta hango wannan tun kafuwarta a Kano a watan Agusta 1950, inda ta bayyana ƙarara cewa akwai gwagwarmaya tsakanin masu riƙe da En'e da talakawa. Abin ban dariya, NPC, jam'iyyar sarakuna, ce ta ɗauki fartanya a matsayin alama.

Kakana manomin auduga ne a ƙasar Funtuwa, kuma yakan ce bai ga bambanci tsakanin kakar 1959 da ta 1961 ba, domin hukumar sayen amfanin gona ce dai ke yanke farashi, dagaci ne dai ke zuwa karɓar haraji. Sai a 1979, da Balarabe Musa na jam'iyyar PRP, magajiyar NEPU, ya zama gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta a lokacin, aka soke haraji da jangali, shekara 19 bayan samun mulkin kai. Majalisa ta tsige shi a 1981.

A nan batun gurguzu ya shigo. Amilka Kabral, jagoran neman 'yancin Gini Bisau mai ra'ayin gurguzu, ya yi hujja da cewa 'yan boko ne kaɗai ke iya karɓar ragamar gwamnati daga hannun mai mulkin mallaka, don haka juyin juya halin ba zai kai ga talaka ba sai sun yarda sun kashe gatansu da hannunsu. A ganina wannan sharaɗi ne mai tsanani, domin an rataya makomar manomi a kan imanin wanda ke cin moriyar wahalarsa. Katsina ta fitar da waɗanda suka gwada: Dokta Yusufu Bala Usman ɗan gidan sarauta ne, ya yi aiki da gwamnatin Balarabe Musa, Umaru Musa 'Yar'aduwa kuma ya bi PRP alhali mahaifinsa, Matawallen Katsina, jigo ne a NPN, jam'iyyar da ke mulkin ƙasa a lokacin. Amma ɗaiɗaiku ne, kuma manoman da suka yi magana da yawunsu ba su samu ƙungiyar kansu mai ƙarfin da za ta hana tsige gwamnan da ya sauke musu haraji ba.