Kafin ka biya kuɗin tsohon kwale-kwale, a kife maka shi

Duk jirgin da ke ɗaure a bakin gulbi da sanyin safiya lafiyayye ne a ido. Ba a sanin halinsa sai hadari ya taso daga gabas a farkon damina, ko sai malka ta kankama a watan Agusta, Gulbin Rima ya cika ya batse. Mai kamun kifi a madatsar Goronyo ya fi kowa sanin haka. Tun da aka kammala ta a 1984 ruwan wurin ya zama fili fetal, iska na samun dogon zango, igiyar ruwa kuma gajera ce mai tsini, tana zuwa a jere ba hutu. Jirgin da ya yi shekaru yana aiki lami lafiya a tafkin Kware zai iya kasawa can cikin rabin awa.

Don haka kada a yi ciniki jirgi na cikin ruwa. A jawo shi tudu, a kife, a wanke laka da gansakuka, a bar shi ya sha iska. In ka tarar an shafe gindin da sabuwar kwalta tana ƙyalli, ƙara sa ido. Kwalta ba ta gyara ruɓaɓɓen katako, rufe shi take yi.

Ka zo da ƙaramar guduma da sukudireba. Bi kowane katako kana ƙwanƙwasawa taƙi-taƙi. Mai lafiya amonsa garau yake, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji bif, kamar ka bugi jiƙaƙƙen buhu. Inda ka ji haka, danna bakin sukudireba. In ya shige ba gardama, katakon ya gama aiki. Wuri uku aka fi samun wannan: inda gindi ya haɗu da gefe, ƙarƙashin haƙarƙarin jirgi inda ruwa ke kwana, da kuma katakon baya da ake ɗaura inji. Maɗaci da kawo suna jure ruwa, amma farin katako mai araha da ake yi wa faci da shi ba ya daɗewa, kuma shi gara ke fara ci idan an ajiye jirgi a tudu da rani.

Sai ƙusoshi, kuma nan ne mafi yawan masu saye ke yin sakaci. Baƙin zobe a kewayen kan ƙusa alama ce tsatsa ta cinye ta daga ciki, katakon da ke riƙe da ita ma ya yi laushi. Roƙi mai jirgi a zare biyu ko uku daga gindi. In sun fito sirara kamar allura, sauran ma haka suke. A ruwa mai kwanciya irin wannan jirgi zai yi ta tafiya. Amma jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi dukan ruwa yake yi duk sa'ad da ya hau igiya ya sauko, kowane duka kuma yana sassauta ƙusa, har bakin katako ya buɗe, tsumman da aka cusa ya fice. Mutum biyu su kama hancin jirgin su murɗa hagu da dama. In kana ganin mahaɗa na motsi ko kana jin ƙiƙi-ƙiƙi, jikinsa ya saki.

Faci ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne, wane tsohon jirgi ne ba shi da tabo? Wanda ake gudu shi ne facin kwano da aka buga kan tsaga, domin ruwa na shiga ƙarƙashinsa ya zauna.

Bayan nan a mayar da shi ruwa. Katakon da ya bushe dole ya yi yoyo kafin ya kumbura, saboda haka a bar shi ya kwana, a kwarfe tas, sannan a duba agogo. Ƙwarya ɗaya ko biyu cikin awa guda ba komai. In sai da bokiti, a haƙura. A loda masa nauyin da zai riƙa ɗauka da gaske: jarka mai lita 25 cike da ruwa kilo 25 ce, sai ka lissafa mutane da jiƙaƙƙen taru da kifi da mai. Auna daga bakin jirgi zuwa fuskar ruwa a tsakiya, inda ya fi ƙasa. In bai kai taƙi guda cikakke ba, na gaɓa ne, kada ka kai shi tsakiyar dam. Taka gefe ɗaya ka ɗaga ƙafa. Nagari yakan dawo daidai nan take, mai nawa wajen dawowa shi ne ke kifewa. Kuma ruwan da ya taru a ciki ya fi lodi haɗari, don gangarawa yake yi ɓangaren da jirgi ya karkata ya ƙara danne shi.

In da inji, a tayar da shi a sanyaye, ba wanda aka riga aka ɗumama kafin ka iso ba. Duba siririn ruwan da yake fitarwa ta baya, rashin sa na nufin famfon sanyaya ya mutu ko hanyar ruwan ta toshe. Kwance sukurun man giya na ƙasa. In mai ya fito fari kamar madara, ruwa na shiga. Kututturan da ke ɓoye cikin ruwa sukan lanƙwasa farfela da sandarta, juya ta da hannu ka ga ko tana rawa. A kuma tabbata ƙafar injin ta dace da tsayin katakon baya, akwai ta inci 15 da ta inci 20. Gajera a kan dogon katako fitowa take yi daga ruwa duk lokacin da baya ya ɗaga, inji ya yi ta kuka a banza daidai sa'ad da ake buƙatarsa.

Gwajin ƙarshe a yi shi da la'asar in iska ta motsa, kusa da gaɓa, kowa da rigar hana nutsewa, filafili da gora suna ciki. A tunkari igiya a ɗan karkace, a juya, a ba ta baya, ana lura ko hanci na nutsewa ko ruwa na haurowa ta wajen inji. Abin da kafinta ya ƙiyasta na canjin katako da ƙusa da kwalta a cire shi daga farashi, a kuma biya gaban Sarkin Ruwa da shaidu, don shi ya san jirgin wane ne.