Asabar a gangaren Hada

Sai bayan isha'i na samu na zauna, kuma har yanzu ƙafata ta dama ciwo take, alhali ba ni na tuƙa ba. Duk saukowar nan ina ta danna ƙasan mota a kujerar mai zaman banza kamar akwai wani birkin a wajena.

Jiya aka yi sunan jikan Kawu a Ɗa'ifa, muka kwana can. Da safe ya ce ana idar da azahar za mu kamo hanya, yana so la'asar ta same shi a Harami. Mu biyar ne: shi, ni a gaba, Inna da maƙwabciyarsu da auta a baya. But ɗin kuwa an danƙare shi da kwalayen rumman da inabi, da soyayyen naman suna, da manyan tukwanen da Inna ta kai aro. Motar ƙarama ce, 'yar Japan ƙirar 2007, atomatik, Kawu shi ne na uku da ya riƙe ta. Da kowa ya shiga na ga bayanta ya zauna sosai.

Hanya biyu ce daga Ɗa'ifa zuwa Makka. Akwai ta Sailul Kabir, wadda ke bi ta miƙatin Ƙarnul Manazil, ta fi tsawo amma a hankali take sauka. Akwai ta Hada, wajen kilomita 90, wadda ke gangarowa ta jikin dutse kwana bayan kwana har ƙauyen Kar, ta wuce ta gefen Arfa. Ɗa'ifa tana sama da mita 1,800 daga doron teku, Makka ba ta kai 300 ba, kuma mafi yawan wannan tazarar a ɗan yankin nan na Hada ake sauke ta. Na ce da Kawu ko mu bi Sail, tunda mota ta yi nauyi. Ya kalle ni ta saman tabarau.

"Kai yaro, ba a haife ka ba nake sauka Hawan Kibo da lodin dankali."

Gaskiyarsa, ya yi shekaru yana jan mota tsakanin Jos da Akwanga. Sai dai waccan mai kulochi ce, hannunsa ya saba da sauke giya ba tare da ya yi tunani ba. Wannan tun da ya saye ta bai san komai a jikin sandar giyar ba sai D da R da P. Lambobin da ke ƙasa, 2 da L, a wurinsa ado ne.

Farkon gangaren lafiya lau. Iska mai sanyi, kekunan igiya suna shawagi a samanmu, auta na ƙirga birai a kan katangar titi. Ni kuma ina kallon ƙafar Kawu. Ya ɗora ta a kan birki bai ƙara ɗagawa ba, yana danna shi kaɗan-kaɗan, motar na D tana neman gudu yana riƙe ta. Mun yi nisa sai wari ya fara shigowa. Inna ta ce ko wani ne ke ƙona taya a ƙasa. Na ce Kawu ka sa ta a 2. Ya ce injin zai yi kuka. Na ce gara ya yi kukan.

Bai kai ga amsa min ba muka doso wata kwana, ya taka, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Na ji ƙarar takalminsa a kan ƙarfe.

"Innalillahi, ya tsinke!"

Abin da ya faru daga nan bai fi rabin minti ba, amma kowane abu yana nan daram a kaina. Hannunsa ya tafi wajen makulli, na buge shi. Ban taɓa bugun hannun babba ba sai yau. Idan ka kashe mota a gangara sitiyari ya yi nauyi, abin da ke ƙara wa birki ƙarfi ya mutu bayan taku biyu ko uku, a wasu motocin ma in ka murɗa makullin da yawa sitiyarin na iya kullewa gaba ɗaya. Na ja sandar giya zuwa 2, motar ta yi wani irin gurnani ta ɗan ja baya. Ina ta cewa "Kawu buga shi, buga shi, saki ka sake takawa." Ya shiga bugawa da sauri. A bugu na nawa ban sani ba, ɗan ƙarfi ya dawo can ƙasa. Muka sha kwanar, tayoyi na ihu, wani mai jip a bayanmu ya danna oda bai saki ba. Da gudun ya ragu na mayar da ita L, na kama birkin hannu, babban yatsana a kan maɓallin, ina ɗagawa a hankali ina saki. Da na fizge shi lokaci guda tayoyin baya za su ƙame, gindin motar ya juyo gaba. A baya ba abin da kake ji sai salati, maƙwabciyar Inna ta riƙe wuyan rigata har maɓalli ya fita.

Allah ya sa akwai ɗan fili a gefen dama inda mutane kan tsaya ɗaukar hoto. Nan muka gangara muka tsaya. Na sa P, na fita na nemo dutse na tokare taya.

Tayoyin gaba hayaƙi suke. Ko kusa da su ba ka iya kai hannu. Inna ta ɗauko jarkar ruwa za ta zuba, na ce Inna don Allah bari, ƙarfen da ya yi zafi haka in ya sha ruwan sanyi lanƙwashewa yake, wani lokaci har ya tsage. Ta ce to ai sai ta sha, ta kafa kai. Na leƙa ƙarƙashi, babu ɗigon mai. Na buɗe bonet, man birki yana nan a ma'ajinsa, ya ɗan yi ƙasa amma bai ƙare ba. Launinsa ne bai yi min ba, baƙi ƙirin kamar shayin da ya kwana a buta.

Muka zauna a inuwar dutse. Birai suka zo suka kewaye mu, ɗaya ya yi wuf da ledar inabin auta, ba wanda ya ko tanka masa.

Rigimar ta taso ne bayan kamar rabin awa. Kawu ya shiga ya kunna mota, ya taka birki, ya ji shi tauri kamar ba abin da ya faru. Ya taka ya sake takawa, fuskarsa ta washe.

"Ka gani? Ya dawo. Zafi ne kawai. Ku shigo mu tafi, saura kaɗan mu kai Kar."

Wannan ne abin da ya fi ba ni tsoro a yinin nan, fiye da kwanar. Birkin da bututunsa ya fashe ya fi gaskiya, don ya mutu kowa ya ga ya mutu, ba mai cewa a hau. Wanda mai ya tafasa a cikinsa kuwa, da ya huce sai ya dawo yana maka murmushi. Tururin da ya hana shi kamawa ya koma ruwa, feda ta yi tauri, amma man nan dai shi ne, kuma sauran gangaren na nan yana jira. Na yi wa Kawu wannan bayanin da ladabi iya iyawata. Ya ce ni ɗan boko ne, komai sai na mai da shi lissafi, kuma ajali ba ya wuce ranarsa. Na ce haka ne Kawu, Allah ya huci zuciyarka, amma ni ba zan shiga ba. Ya ce to in zauna da birai.

Inna ce ta raba gardamar. Ba ta ɗaga murya ba, tana gyara mayafi ta ce, "Alhaji, kai ka tafi ka samu la'asar ɗin, ka yi mana addu'a. Ni da 'yata muna nan." Ya tsaya yana kallonta, ya kashe motar, ya ce in kira mai saɗaha, wato motar ɗaukar motocin da suka lalace.

Mun yi la'asar a gefen titi. Mai saɗaha ya iso wajen ƙarfe biyar, wani Bafakistane mai fara'a, ya ɗora motar. Matan suka samu wani magidanci da iyalinsa ya rage musu hanya, ni da Kawu muka matsu a gaba. Duk saukowar babbar motar nan tana ƙaramar giya tana gurnani, ƙafar direban ba ta zuwa birki sai a bakin kwana, ya danna da ƙarfi ya saki. Ban ce komai ba. Kawu ma yana kallo.

Warshar, wato garejin da muka kai ta, ta wani Bahaushen Sudan ce, mutumin Mairuno, garin nan na bakin Nilu da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, ya haɗa ta da Larabcin Sudan, in yana magana sai ka ji kamar kakanka ne ya koyi kanikanci. Ya ɗaga motar ya cire tayoyi huɗu, ya kira Kawu.

Fahamat ɗin gaba, wato 'yan fatun da ke matse faifan birki, ba su cinye ba, amma fuskarsu ta yi sumul tana ƙyalli, zafi ya gasa su. Hobat ɗin, wato faifan birkin, sun yi shuɗi-shuɗi. Usta, wato mai warshar, ya juya fahama ɗaya a hannu ya ce, "Baba Alhaji, nawa ka sayi wannan?" Kawu ya faɗa. Ya yi dariya ya ce rabin kuɗin na kirki ke nan, a cikin gari za su kai ka kasuwa su dawo da kai, dutse ne ba su sani ba. Da ya buɗe na baya sai ga babbar matsalar. Ɗan silindan taya ɗaya yana tsattsafo mai, ya jiƙe akmishar, wato fatun birkin baya, sharkaf, ɗaya ɓangaren kuma ya yi sako-sako. Ashe tun tuni tayoyin gaba ne kaɗai ke tsayar da motar, yau kuma aka ƙara musu mutum biyar da tukwane.

Sai ya zo kan mai. Ya tambayi yaushe aka canza shi. Kawu ya ce ai ba ya bari ya ƙare, da ya ga ya yi ƙasa yake ƙarawa, har ya je but ya ɗauko gwangwanin da ya yi shekara da buɗewa. Usta ya karɓa ya jefa a shara a gabansa. Ya ce man birki yana shan danshin iska, a cikin mota ma yana sha balle a buɗaɗɗen gwangwani, shi ya sa ake zubar da shi gaba ɗaya duk bayan shekara biyu a sa sabo. Ya nuna min jikin sabon gwangwani. DOT 3 in yana sabo sai ya haura digiri 205 kafin ya tafasa, in ya sha ruwa ma'aunin yakan sauko wajen 140. DOT 4 kuma 230 ne, ya sauko 155. Faifan birki a irin gangaren Hada yana wuce waɗannan nesa ba kusa ba, zafin ya bi ƙarfe ya isa ga man. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa in ka taka nan take ƙarfin ya isa taya. Tururi kuwa matsuwa yake, sai ka yi ta taka iska.

Ya ƙara da wani abu da ban taɓa lura da shi ba, cewa raguwar man nan da Kawu ke cikewa ita kanta saƙo ce. Birki ba ya ƙona mai kamar inji. In ya yi ƙasa, ko fahamat ne suka cinye, ko wani wuri na yoyo.

Kawu ya kawo hujjarsa ta ƙarshe, cewa motar ta ci fahas, wato gwajin lafiyar mota, kafin ya sabunta istimara, takardar rajistarta. Usta ya ce ba ya musu, amma wancan gwaji ne na ranar da aka yi shi, mota ba kowa a ciki, birki a sanyaye, kuma watanni nawa ke nan. Kawu ya ce to a duba tashlih, inda ake sayar da kayan matattun motoci, ko za a samu kayan da sauƙi. A nan ne usta ya ɗan canza fuska. Ya ce ƙofa, fitila, madubi, bamba, duk zai raka shi tashlih da kansa su zaɓo. Kayan birki na motar da ta mutu kuwa ba zai ɗaura ba, in Baba Alhaji ya nace ga saɗaha nan ba ta yi nisa ba. Raina ya yi fari da mutumin nan. Na san gareji da yawa, nan da gida, da za su goge tsofaffin da sanfefa su ce an gama.

Aka yi lissafi: fahamat, akmisha, silinda biyu na baya, a wanke layin a zuba sabon mai, hobat kuma sai ya auna kaurinsu gobe ya ga ko za su ɗauki gyaran injin sassaƙa ko sai sababbi. Ya kuma ce robobin bututun gaba sun fara tsatstsagewa, shekarunsu ɗaya da motar. Kawu ya ji jimillar ya ce kusan kuɗin ragon suna. Ya yi ciniki har aka kira magariba, aka rage masa kuɗin aiki, kuɗin kaya ko riyal ɗaya bai sauka ba.

A tasi muka dawo unguwa, tukwane a cinyata. Wajen Shari'a Mansur Kawu ya yi gyaran murya, ba tare da ya kalle ni ba ya ce, "Wannan L ɗin, a wane gudu ake sa ta?" Na ce sai mota ta rage sosai, 2 ake fara sawa tun daga saman dutse kafin ta ɗauki gudu. Ya gyaɗa kai. Can kuma ya ce kada in kuskura mai jego ta ji labarin nan, jininta zai hau.

Na ce to. Muna shiga gida muka tarar auta ta riga ta tura saƙon murya na minti shida a zauren WhatsApp na dangi, har an fara kira daga Kano. Gobe ƙarfe tara zan koma warsha da kuɗin kaya, don Kawu ya ce shi in ya je zai sake ciniki.