Kotisol Ake Fara Nema: Kurakuran da Na Yi a Kan Cututtukan Fituwitari

Ƙannena da kuka shigo aikin likita kwanan nan, fituwitari, 'yar gaɓar da ke fitar da homon, wato sinadaran da ke kai umarni ta cikin jini, ba ta wuce girman kan ƙaramin yatsa ba, nauyinta wajen rabin giram. Tana zaune a wani ɗan gurbin ƙashi a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, daidai ƙasan inda jijiyoyin gani biyu suka gitta juna. Ita ke ba tayirod umarni, ita ke ba adirinal da ke saman ƙoda, haka ma ƙwan mace da 'ya'yan maraina. Idan ta gaza, abin da mara lafiya ke kawo muku shi ne kasala, ɗaukewar haila, mutuwar sha'awa, ko sodiyam da ya ƙi hawa. Yawancin kurakuraina a kan takardar gwaji da takardar magani na yi su, tun ba a kai ga hoton MRI ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne fara maganin tayirod kafin duba kotisol, homon da adirinal ke fitarwa. Na ga T4, homon tayirod, ya yi ƙasa, na rubuta lebotairoksin, ban tsaya na tambayi kaina ko tayirod ce ta gaza ko mai ba ta umarni ba. Idan laifin na fituwitari ne, sau da yawa ACTH, homon da take ba adirinal umarni da shi, ma ya tafi, jiki yana lallaɓawa ne kawai da ɗan kotisol ɗin da ya rage, domin komai nasa a hankali yake tafiya. Da an zuba masa tairoksin sai hanta ta ƙara saurin kawar da kotisol, buƙatar jiki kuma ta ƙaru. Cikin 'yan kwanaki awon jini ya faɗi, amai ya taso, sukari ya sauka, mutum ya fita hayyacinsa. Haidirokotison, maganin da ke maye gurbin kotisol, ake farawa, miligiram 15 zuwa 20 a rana, a raba shi biyu ko uku, kaso mafi yawa da an tashi barci, sannan a biyo da lebotairoksin. In kuna zargin fituwitari kuma babu halin gwaji, ku ba da haidirokotison ɗin. Illarsa ta 'yan kwanaki ba ta kama ƙafar illar rashinsa ba.

Jinin kotisol tsakanin ƙarfe 8 da 9 na safe ake ɗiba. Ƙasa da maikurogiram 3 a desilita rashi ne, sama da 15 kusan ya wanke mutum, abin da ke tsakani sai an ƙara bincike. Mace mai shan ƙwayar da ke da istirojin kotisol ɗinta kan fito sama da gaskiyarsa, saboda furotin mai ɗauke da shi ya ƙaru. Gwajin Synacthen, allurar ACTH na roba da ake yi don ganin ko adirinal za ta amsa, ma ya taɓa yaudarata. A makonni huɗu zuwa shida na farko bayan fituwitari ta samu rauni, adirinal ba ta riga ta ƙanƙance ba, don haka za ta amsa allurar lafiya lau alhali babu ACTH. Kada kuma ku jira fata ta yi duhu ko fotashiyam ya hau irin na cutar Addison, wadda adirinal ce da kanta ta lalace. A nan ACTH ƙasa yake, aldosteron kuma, homon da ke daidaita fotashiyam, ƙoda ce ke tafiyar da shi, don haka sodiyam ne kaɗai zai sauka.

Homon na fituwitari ba a karanta shi shi kaɗai, sai an ɗora shi kusa da na wanda yake ba umarni. Na sha ganin TSH, homon da fituwitari ke ba tayirod umarni da shi, cikin iyakar lafiya na ce tayirod kalau take. Idan FT4, wato T4 da bai ɗauru da furotin ba, ya yi ƙasa, TSH ya kamata ya yi sama sosai. Zamansa daidai shi ne alamar cutar. Haka namiji mai ƙarancin testosteron da LH ɗinsa, homon da ke ba 'ya'yan maraina umarni, bai motsa ba, haka tsohuwa mai shekara 60 da FSH ɗinta, homon da ke ba ƙwan mace umarni, ya fito kamar na budurwa. Bayan an fara magani ma da FT4 ake bibiya, ana neman ya zauna a rabin sama na iyakar. Wanda ya bi TSH zai yi ta rage maganin har mara lafiya ya koma gidan jiya.

Akwai ranar da ba a jiran sakamako ko kaɗan. Ciwon kai mai tsanani da ya sauko farat ɗaya, amai, gani ya dushe ko abu ya koma biyu-biyu, fatar ido ɗaya ta rufo: jini ne ya zuba cikin ƙarin fituwitari, ko wani sashensa ya mutu. Na taɓa ɗaukarsa sanƙarau, domin shi ma wuya kan sandare, jiki ya yi zafi. A ɗebi jinin kotisol, FT4, furolaktin (homon ruwan nono) da sodiyam, a yi allurar haidirokotison miligiram 100 nan take, a ci gaba da 50 duk awa shida. Hoton CT kan tsallake shi, MRI ake so. Idan gani na ƙara lalacewa, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ya san da maganar a ranar.

Ciwon da Harold Sheehan ya bayyana a 1937 shi kuwa shekaru yake ɗauka yana cin mace a ɓoye. Fituwitari kan ƙara girma lokacin ciki, idan jini ya zuba sosai wajen haihuwa sai ta rasa mai ciyar da ita. Tambayoyi uku ne, kuma na daɗe ban iya yin su ba: bayan waccan haihuwar ruwan nono ya zo? Haila ta dawo? Gashin hammata da na gaba yana nan?

Furolaktin shi ne mai tarko da yawa. Kafin a ambaci ƙari, a yi gwajin ciki, a duba TSH da aikin ƙoda, a karɓi ledar magungunan mutum a duba da ido. Metokilofiramaid, domferidon, haloferidol da risferidon duk suna ɗaga shi. Idan kuma ƙarin ya tabbata, adadin furolaktin ya dace da girmansa. Ƙari mai santimita 3 da furolaktin 70 na nanogiram a mililita yawanci ba shi ke yin homon ɗin ba, ya danne wuyan fituwitari ne ya hana dofamin da ke taka wa furolaktin birki sauka. Kabagolin, maganin rage furolaktin, zai gyara lambar da ke takarda, ƙarin kuwa ya ci gaba da cin ido. Amma kafin ku tura shi tiyata, ku ce ɗakin gwaji su sirka jinin ɗaya bisa ɗari su sake aunawa. Idan furolaktin ya kai dubbai, wasu na'urori kan cika su ba da ƙaramar lamba ta ƙarya, a yi wa mutum aikin da ƙwaya za ta iya yi. Ƙarin da shi ne da gaske ke yin furolaktin, ko da babba ne, kabagolin ake fara ba shi, miligiram 0.25 sau biyu a mako, a ƙara a hankali. Ku gaya wa iyalinsa su lura da caca, sayayyar da ba dalili ko sha'awar da ta wuce kima, domin maganin na iya jawo su kuma mai shi ba zai faɗa ba. Ruwa garai-garai mai ɗiga ta hanci idan ya sunkuya ba mura ba ce, ruwan ƙwaƙwalwa ne ya samu kafa bayan ƙarin ya motse.

Ku gwada faɗin gani da hannunku. Ku zauna gaba da gaba da shi, ya rufe ido ɗaya ya kalli hancinku, ku shigo da jan murfin biro a hankali daga gefen kunne, ta sama. Wanda ƙari ya fara danne wa mahaɗar jijiyoyin zai ce jan ya koɗe a wajen, ya yi haske da an tsallaka tsakiya. Mutum na iya karanta allon haruffa har ƙasa alhali gefunan ganinsa sun tafi.

Masu fitar da homon fiye da kima kaɗan zan ce a kansu. Wanda zobe da takalmi suka matse shi, haƙora suka buɗe, yawan homon girma ake zargi, amma IGF-1 da homon ke sa hanta ta yi ake aunawa, domin homon girma hawa da sauka yake yi duk wuni. Mai kama da cutar Cushing ta yawan kotisol kuwa, a fara tambayar sitiroid da yake sha ko shafawa, sannan a ba shi deksametason miligiram 1 da ƙarfe 11 na dare, kotisol na safe ya sauka ƙasa da maikurogiram 1.8 a desilita idan lafiya yake. Kada a ɗauki hoto kafin gwajin jini ya tabbatar, domin wajen mutum ɗaya cikin goma na da ɗan tabo a fituwitari da ba ya komai.

Saura ruwa. Fitsarin da ya wuce lita 3 a rana, fari kamar ruwa, da ƙishirwa mai tada mutum cikin dare, na iya zama rashin basofiresin, homon sashen bayan fituwitari. Ƙarin fituwitari na yau da kullum da wuya ya jawo shi kafin tiyata, don haka idan kun gan shi tun farko ku nemi wani abu daban: kumburi, tarin fuka, ko kansar da ta yaɗo daga wani wuri. Rashin kotisol kan ɓoye shi, sai an fara haidirokotison fitsari ya ɓalle, sodiyam kuma ya yi tsalle. A riƙa aunawa duk 'yan awanni, kada hawansa ya wuce milimol 8 zuwa 10 a awa 24. Mai shan desmofiresin, maganin da ke maye gurbin basofiresin, idan aka kwantar da shi, ba a tsallake masa ko sau ɗaya, ba a kuma raba shi da ruwa. Na taɓa barin sa daga takardar magani don na ga feshin hanci ne kawai.

Ranar sallama, ku koya masa ninka haidirokotison idan zazzaɓi ya kai 38, da yin allurar miligiram 100 idan amai ya hana ƙwaya zama, kuma wani nasa ya iya yin allurar. Wanda aka yi wa tiyata ta hanci, sodiyam kan faɗi tsakanin kwana na biyar da na goma, lokacin ya riga ya koma gida. Ku rubuta masa a takarda ya dawo awon sodiyam a kwana na bakwai, ko kafin nan idan ciwon kai da tashin zuciya suka taso.