Birkin da ya ɗauke, ya kuma dawo da kansa

Motata tsohuwa ce, ta haura shekara ashirin a kan titi, birkinta na gaba na faifai ne, na baya kuma na ganga, kuma ba ta da na'urar ABS, wadda ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki da ƙarfi. Ina saukowa wata doguwar gangara ne, da kaya a baya, na taka birki domin in rage gudu, sai na ji feda ta lotse ta tafi har ƙasa ba tare da motar ta nuna alamar an taɓa ta ba. Nan take na ɗauke ƙafa daga totur, na shiga tattaka fedar da sauri da sauri har ta ɗan kama, sannan na sauke giya ɗaya bayan ɗaya, daga ta huɗu zuwa ta uku zuwa ta biyu, domin inji ya riƙe motar. Da gudun ya ragu sosai sai na riƙa jan birkin hannu sannu a hankali, yatsana a kan maɓallinsa, don in iya sakinsa idan tayoyin baya suka kulle. Ban kashe inji ba, kuma ina roƙon duk wanda ya tsinci kansa a irin wannan hali kada ya kashe, domin da zarar inji ya mutu sitiyari zai yi nauyi, kuma taimakon da ƙafa ke samu wajen taka birki zai ƙare bayan taku kaɗan.

Da na tsaya a gefen hanya na buɗe bonet, na yi tsammanin zan tarar da robar man birki wayam. Sai na gan ta cike. Na leƙa ƙarƙashin mota, na duba bayan kowace taya, babu ko ɗigo. Abin da na lura da shi kawai shi ne ƙauri da ke tashi daga tayar gaba ta dama, kuma da na kai tafin hannuna kusa da ita, ba tare da na taɓa ba, sai na ji hucin zafi kamar na bakin murhu, alhali ta hagu ɗumi kawai take da shi. Bayan motar ta huce na sake taka feda, sai na ji ta tsaya cak, da ƙarfinta, kamar ba abin da ya faru.

A ganina wannan dawowar ta fi ɗaukewar haɗari. Birkin da ya zubar da mai yana barin shaida a ƙasa, kuma ba wanda zai yi gangancin ci gaba da tafiya da shi. Wanda ya dawo da kansa kuwa yana sa direba ya ce ai ta warware, ya koma titi da matsalar da ke jiran zafi ya sake taruwa. Shi ya sa na sa aka janyo motar, na ƙi tuƙa ta.

Binciken na fara shi daga masta, wato famfon da ke tura mai zuwa tayoyi, domin ita ce ke iya cin amana ba tare da ta zubar da mai waje ba. Idan robobin cikinta sun suɗe, man yana zagayawa ta bayansu ya koma robar mai, kuma alamar hakan ita ce ka ɗora ƙafa a kan feda da matsakaicin ƙarfi, ka riƙe, ka ji tana nutsewa a hankali. Na riƙe tawa na kusan minti ɗaya ba ta motsa ba. Na duba mahaɗarta da baƙin tulun nan da ke bayanta, wanda ke ƙara wa ƙafa ƙarfi, ban ga jiƙewa ba. Na bi bututun ƙarfe da fitila daga gaba har baya ina neman tsatsa, musamman wuraren da aka maƙale su a jikin mota inda laka ke kwanciya, na kuma cire gangunan baya na ɗaga robobin ƙura na ƙananan silindoji, duka a bushe suke.

Man da kansa shi ya fara ba da labari. Sabon man birki garau yake, da ɗan ruwan ɗorawa, nawa kuwa ya yi baƙi-baƙi. Man birki nau'in DOT 3 da DOT 4 suna da ɗabi'ar zuƙar laima daga iska, kuma ruwan da ya shiga cikinsu yana saukar da zafin da suke iya jurewa. Bisa ƙa'ida, sabon DOT 3 bai kamata ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Selshiyas ba, amma idan ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, abin da ƙa'idar ta lamunce masa digiri 140 ne kawai. Na DOT 4 kuwa yana saukowa ne daga 230 zuwa 155. Birki yana aiki ne saboda mai ba ya matsuwa, duk ƙarfin da ƙafa ta sa yana isa taya. Da mai ya tafasa sai tururi ya samu a cikin bututu, shi kuwa tururi yana matsuwa, don haka ƙafa ta ƙare tafiyarta wajen danne shi, taya ba ta samu komai ba. Idan ya huce ya koma ruwa, feda ta dawo.

Sauran tambaya ita ce dalilin da ya sa taya ɗaya kaɗai ta ɗauki wannan zafi. Na ɗaga gaban motar da jak, na ɗora ta a kan matokaran ƙarfe, domin ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Na taka birki da ƙarfi na saki, sannan na juya tayoyin da hannu. Ta hagu ta juya salin-alin, ta dama kuwa sai da na sa hannu biyu. Abu biyu ke kawo haka: ko dai fistin ɗin kalifa, wato abin da ke matse faifan birki, da ƙusoshin da take zamewa a kansu sun cije saboda tsatsa, ko kuma mai ne ya maƙale a ciki ya kasa komawa. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce. Na ɗan sassauta notin fitar da iska da ke jikin kalifar, sai mai ya yi tsartuwa, nan take faifan ya saki ya juya. Da kalifar ce ta cije, da buɗe notin bai sauya komai ba. Tunda kuma taya ɗaya ce ke riƙewa, laifin ya faɗa kan tiyon roba da ke kai mata mai.

A ido tiyon lafiyarsa lau, in ban da 'yan tsage-tsage na tsufa. Da na cire shi na yanka shi a tsaye, sai na ga fatar cikinsa ta kumbura ta ɓare, ta kusan toshe hanyar. Ƙarfin ƙafa yana iya tura mai ya wuce ta wannan matsatsi, amma babu ƙarfin da zai mayar da shi baya, saboda haka birkin wannan taya ya kasance a ɗan take tun daga saman gangara har ya dafa tsohon man da ke cikin kalifar.

Na sauya tiyoyin gaba duka biyu da na baya, domin shekarunsu ɗaya, kuma wanda bai lalace yau ba yana kan hanya. Notocinsu na kwance su da sifana ta musamman mai kama noti kusan ta kowane ɓangare, saboda sifana mai buɗaɗɗen baki tana cinye kusurwoyinsu. Fad ɗin dama, wato abubuwan da kalifa ke mannawa a jikin faifai, sun ƙone sun yi sheƙi, don haka na sauya na ɓangarorin biyu tare, tunda sabo a gefe ɗaya da tsoho a ɗaya gefen yana sa mota ta fizga idan an taka birki. Robar ƙurar fistin ɗin ma na duba ta da kyau, domin zafi irin wannan yana iya gasa ta.

Wajen sauya mai na zuƙe tsohon daga roba, na cika da sabo daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba, irin wanda aka rubuta a murfin robar. Na kiyaye abu biyu: DOT 5 na silikon ne, ba ya haɗuwa da DOT 3 ko DOT 4, kuma ko kaɗan ne man inji ko man sitiyari ya shiga, zai kumbura duk robobin birkin. Sannan ni da mai taimaka mini muka fitar da iska, muka fara da tayar da ta fi nisa da masta kamar yadda littafin motar ya tsara, shi yana taka feda ya riƙe, ni ina buɗe noti in rufe kafin ya saki, har mai ya riƙa fitowa garau babu kumfa, ina kuma ƙara mai a kai a kai don kada robar ta ƙafe iska ta sake shiga. Na sa guntun katako a ƙarƙashin feda don kada ta kai ƙasa, domin a tsohuwar masta can ƙarshen ramin, inda fistin ba ya zuwa a tuƙin yau da kullum, datti da tsatsa kan taru, kuma tura robobi ta kansu na iya yaga su, a gama gyara wani abu a ɓata wani.

Gwajin na yi shi a fili inda babu kowa, da ƙaramin gudu tukuna, sannan na ƙara, ina tsayawa ina gwada zafin tayoyin gaba, na same su daidai da juna. Tun daga lokacin ina sauya man birki duk shekara biyu, kamar yadda masu ƙera motoci da yawa ke ba da shawara, ina rubuta kwanan watan a takarda in liƙa a cikin bonet, kuma a doguwar gangara ƙaramar giya nake sa wa motar tun daga sama, in bar birki ya riƙa hutawa tsakanin taku da taku.