Shekara biyu ina jiran jami'a

Da na gama sakandare, magana ɗaya ake yi a gidanmu a Tudun Wada: jami'a. Baba yana son a ce ɗansa yana ABU Zariya, ni ma haka nake so, duk da ban san abin da zan je in karanta ba. Likitanci na cike a JAMB saboda shi abokaina suka cike. Makina bai kai ba. Na sake zama, bai sake kaiwa ba. Shekara biyu ina zaman kashe wando, kullum ina wuce ƙofar Kaduna Poly, ko sau ɗaya zuciyata ba ta raya mini cewa nan ce makarantata ba.

Kawuna, mai gyaran injin walda a tsohuwar Panteka, shi ya zaunar da ni. Ya ce, "Kai, tun kana ɗan mitsitsi kake kwance rediyon gidan nan kana mayarwa. Wa ya ce maka allura ce rabonka?" Na ji zafin maganar. Amma duk tsawon lokacin nan, shi kaɗai ya dubi abin da hannuna ya iya.

Na shiga Poly, sashen lantarki. Makarantar da na raina ashe tun 1956 take horar da masu aikin hannu, ta girmi ABU da shekara shida. Na yi ND, wato ƙaramar difloma, shekara biyu, sai shekarar koyon aiki kafin HND, wato babbar difloma. A wannan shekarar ce idona ya buɗe: na hau rufin gidaje a Barnawa da Unguwar Rimi ina ɗaura sola, na koyi lissafin batir da inbata, na fara kai wa Mama kuɗin cefane tun ban gama karatu ba.

Ba zan ɓoye ba, akwai ciwo. Na taɓa neman aiki a wani ofis, aka fifita mai digiri a kaina alhali aikin hannu ake nema. Wanda zai zaɓi Poly gara ya san da wannan tun farko.

Bana ƙanwata ta gama sakandare. Ita ce ke tara yaran unguwa tana koya musu karatu a zaure, babu mai biyanta ko sisi. Da Baba ya fara zancen lauya, sai na roƙe shi ya bari mu fara zuwa Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ta ga azuzuwan da idonta. Ya yi shiru, can ya ce mu je ranar Asabar.